Ƙofar Damina ta Kawu

Daga Allah muke, kuma wurinsa Kawu ya koma ranar wata Laraba bayan azahar, a tsakiyar bazara, saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Ya dawo daga masallaci, ya ce wa matarsa kansa na sara, ya miƙe a kan tabarmar zaure, shi ke nan. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama a nan Dogon Dutsi, shi ya koya mini aikin da nake ci da shi yau. Na ɗauki alƙalami ne saboda na zauna kwana uku cikin masu ta'aziyya ina jin ana yabonsa, kowa da alherin da yake tunawa, amma ba wanda ya iya faɗin ainihin aikin da yake yi. Abin ya ba ni haushi, daga baya ya ba ni tsoro. Mutum ya kwashe shekaru yana tsaron wata ƙofa, a ce ranar da ya tafi ba wanda ya san inda ƙofar take.

Yayarsu, wadda muke kira Inna Babba, ta iso daga Lugu a bayan moto, wato babur, washegari da hantsi, ƙafafunta a kumbure. Ita ce ta fi kowa kusantar gaskiya, amma ta hanyarta. Wata maƙwabciya ta tambaya a ɗakin mata wai shi marigayin likita ne ko mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, sai Inna Babba ta gyara zama.

"Ba ko ɗaya," in ji ta. "Abin da ba a gani da ido shika kora. Kakanninmu ma aikinsu ke nan, shi dai nashi da wutar kuran shika yi."

Babban ɗan Kawu, ɗan kasuwa ne mai tsantseni a kan addini, ya leƙo gaishe da mata sai maganar ta faɗa kunnensa.

"Gwaggo, don Allah ki bar wagga magana. Birus, ƙwayar cutar ordinatar, Baba ka tarewa, ba iska ba."

"Kana ganin shi da ido?"

"A'a."

"Shina shiga wuri shi hana shi lahiya?"

"Shina yi."

"To mi kaka gardama, ɗan nan?"

Mata suka cusa bakin mayafi a baki kada dariya ta fito a gidan mutuwa. Ni ma na yi, kuma ita ce dariyata ta farko tun Laraba. Da Kawu na nan, shi zai fi kowa ƙyaƙyatawa, sannan ya ƙi goyon bayan kowa.

A waje, ƙarƙashin rumfa, shugabannin ƙananan gidajen likita na ƙauyuka, waɗanda muke kira majo, sun zo sahu-sahu da ƙurar hanya a rigunansu. Wani dattijo daga wajen Tibiri ya ce tun da ya san Kawu bai taɓa kiransa ya ce a jira gobe ba. Wani kuwa ya zauna yana juya hularsa a hannu har aka shafa fatiha. Su sun san yana yi musu wani abu, don in rezo, wato hanyar sadarwar ordinatoci, ya ƙi, sunansa suke kira. Amma me yake taɓawa, me yake saki, wannan ba su sani ba.

Ga aikin, in faɗe shi a fili. Ƙungiyar da muke yi wa aiki tana kula da gidajen likita bakwai a karkara, tsakanin Dutsi da Tibiri da Sukukutane. Kowanne yana da ordinatar da ke aiko da takardun marasa lafiya zuwa biro, wato ofishinmu na Dutsi, daga nan su wuce babban asibiti. A biron akwai wani akwatin ƙarfe a cikin kabad, duk abin da zai shiga rezo ɗinmu ko ya fita sai ya bi ta cikinsa. Kawu bai taɓa kiransa da sunan Faransanci ba, ƙofa yake ce masa. Ƙofar nan ba ta da hankalin kanta. Umarni ake rubuta mata, jerin abin da za ta yi in ta ga abin da bai kwanta mata ba, kuma wannan jerin shi ake kira furofil. Kawu ke rubuta shi, shi ke gyara shi, ni kuma ina mataimakiyarsa.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, injiniyan ƙungiya da ya zo daga Yamai ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya sauke murya.

"Madam, yanzu ƙofar tana hannunki. Amma abin nan da Baba yake yi na canza furofil in damina ta shigo, a bar shi haka. Furofil ɗaya za mu sa, mai tsanani, shekara duka. Kin san ma ke kanki kin taɓa faɗin haka."

Na san na faɗa. Na faɗa da ƙarfi ma, a gaban Kawu, kuma har ya koma ga Allah ban janye ba. Na gyaɗa wa injiniya kai. Amma da na koma cikin gida sai na ji kamar na sayar da wani abu da ba nawa ba. Ruwa na tafe, kuma da ruwa masassarar cizon sauro ke zuwa, lokacin da takardar neman jini daga ƙauye ke zama rai ko mutuwa ga yaro. Ko takardun nan za su iso da wuri bana ko za su tsaya a ƙofa, yanzu ni zan yanke.

Kawu bai tashi da ordinatar ba. A gidan waya ya yi ƙuruciyarsa, yana hawan turaku yana ɗaure wayoyi tsakanin garuruwa. Sai da furfura ta fito masa ya zauna koyon wannan aiki, da yatsu biyu, yana laluben haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Har ya rasu da yatsu biyun nan yake bugawa, kuma maɓallan ordinatar ɗinsa sun yi ja da goro. Na sha yi masa tsiya. Sai ya ce, "Ke mai yatsu goma, kuskure goma kika yi kahin in yi guda." Abin haushin, yawanci gaskiya ne.

Kowace safiya, kafin ya sha kunun da matarsa ke zuba masa a fulas, sai ya karanta littafin ƙofa, wato jerin duk abin da ya zo wucewa tun jiya da abin da ƙofar ta yi da shi. Yana karantawa yana magana da shi kamar mutum. "Kai kuma daga ina?" "A'a, kai mun san ka, wuce." Ranar da na fara aiki ya zaunar da ni ya ce kalma uku ce aikin gaba ɗaya: tare, lura, ƙyale. Kowace barazana da ke cikin furofil, ɗaya daga cikin ukun nan za ka ba ta. Ko ƙofa ta tare ta nan take, ko ta bar ta ta wuce amma ta rubuta ta, ko ta kau da kai gaba ɗaya. Na ce ai mai sauƙi ne, a tare duka. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, har na tsargu.

Duk sabuwar kariya da masu ƙera akwatin suka aiko, ba ya ɗora ta a kan tare ranar da ta zo. Sai ya sa ta a kan lura mako guda, yana duba wa za ta kama. Sau da yawa sai ka ga ba ɓarawo ta kama ba, tsohuwar ordinatar ɗin ɗakin magani ce da ke magana da tsohon yayi. In ya tabbata kariyar ba za ta cuci na gida ba, sannan ya mayar da ita tare. Kuma kafin ya yi, sai ya kira gidajen likitan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Wannan kiran shi ke cinye mini rai, don Kawu ba ya iya gajeren kira. Sai ya tambayi majo lafiyar iyali, da ciwon ƙafar mahaifiyarsa, da ko an samu ruwa a rijiya, sannan a ƙarshe ya ce, "Gobe da hantsi za ni tsuke ƙofa kaɗan. In kun ga wani abu ya ƙi tahiya, kada ku yi ta bugun inji, ku kira ni." Na ce masa saƙo ɗaya a rubuce ya isa. Ya ce wanda ka tambayi ƙafar uwarsa shi ke kiranka in abu ya lalace, wanda ka aika wa takarda kuwa sai ya yi shiru ya nemi hanyar kewaye ƙofar.

Furofil biyu yake da su, kuma da Hausa ya sa musu suna a cikin injin, Rani da Damina. Injiniyoyin Yamai sun sha dariya a kai. Rani mai tsanani ne. Duk takardar da aka aiko, ƙofa na riƙe ta, ta tura kwafinta can nesa a bincika, sai amsa ta dawo cewa lafiya take sannan ta sake ta. Da rani wannan ba komai ba ne, kafin ka kurɓi ruwa an gama. Amma da damina hadari na rufe allunan hasken rana na ƙauyuka, ruwa na dukan eriya, rezo ya koma kamar zaren da ke shirin tsinkewa. Takarda sai ta zauna a ƙofa tana jiran amsar da ba ta zuwa. Don haka a Damina, takardun da suka fito daga ordinatocin gidajen likita bakwai ɗin nan wucewa suke yi nan take, binciken ya biyo baya. A ɓangaren baƙi kuwa, rezon da masu jinya da 'yan ziyara ke kamawa da salula, can yake ƙara tsukewa, domin lokacin ne 'yan cin rani ke dawowa noma da wayoyi da kile, wato ɗan ma'ajin hotuna da takardu da ake sokawa a ordinatar, cike da abin da suka kwaso a birane.

Ba kalanda yake dubawa ba in zai canza. Manoma yake tambaya. In ya ji an ce ruwan shuka ya sauka a ƙauyuka uku ko huɗu, sai ya shigo biro yana murza hannu ya ce yau za a sa wa ƙofa rigar damina. In an yanke hatsi, aka yi shelar sakin gonaki ga makiyaya, sai ya mayar da Rani. Wata shekara ruwa ya yi gardama, ya yi ta fita ƙofar biro yana duban gabas, har direban ambilans ya tambaye shi ko ya sayi gona ne a ɓoye.

Faɗanmu kuwa, damina biyu da suka wuce ne. Gidan likita mafi nisa a cikin bakwai ɗin yana can bayan Sukukutane, cikin rairayi, inda rugagen Fulani suka fi gidajen ƙasa yawa. Ungozoma ɗaya ce ke riƙe da shi. Ƙanenta ya dawo daga cin rani, ya ba ta kile wai ta kwafe masa hotunan biki. Ta sa a ordinatar ɗin aiki. Birus ya manne wa takardar da ta aiko, ƙofa tana kan Damina ta bar ta ta wuce, sai daga baya ta yi kuka. Kafin mu rufe, ya kama ordinatoci biyu a ɗakin magani. Kwana uku ana rubuta komai da hannu.

Kawu ya hau moto da kansa, da shekarunsa, ya yi rabin yini cikin rairayi da laka ya je ya wanke injin ungozomar. Na ji daga baya cewa ya same ta tana kuka, ta tabbata korarta za a yi. Ya ce ta share hawaye ta ba shi fura. Ya nuna mata ramin da ake sa kile, ya toshe shi da ɗan katako da ya fiƙe da wuƙarsa, ya ce in ta ga katakon ta tuna da shi. A rahoton da ya aika Yamai bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Ya rubuta cewa mai tsaron ƙofa ne ya zaɓi ya bar ta a sassauce, don haka laifin nasa ne.

Ni kuwa na cika na batse. Ina da takardar shaida daga makaranta, shi ba shi da ita, kuma na ga abin da littafi ya hana ya faru a gabana. Ranar da ya dawo, wandonsa duk laka, ko ruwa ban bari ya sha ba.

"Kawu, wannan ba aiki ba ne, son rai ne. Ba inda aka ce a sassauta tsaro don an yi ruwa. Yau ordinatar biyu, gobe duka rezo. Ka tsufa da abin nan, ka bari a yi shi yadda ake yi ko'ina."

Har yau in na tuna kalmar nan ta tsufa sai in ji kunya ta rufe ni. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ɗiyata, kin yi gaskiya, ɓarna ta shigo, kuma ni na buɗe mata. Ke kina tsoron abin da za shi shigo. Ni na hi tsoron abin da ba shi isowa. Inji in ya mutu muna tashe shi."

Na ce wannan magana ce mai daɗi amma ba hujja ba ce. Ya ce to. Mako biyu muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa, a biro ɗaya, a gida ɗaya. Matarsa ce ta gaji, ta aiko mana da tuwo a kwano ɗaya zuwa biro ta ce ko mu ci tare ko mu kwana da yunwa. Muka ci, muka koma hira, amma ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Kawu yana da taurin kai, kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake zanawa. Da ya ga dama da ya zaunar da ni ya nuna mini hujjarsa a cikin littafin ƙofa. Bai yi ba, don na taɓa masa zuciya, shi kuma ba ya roƙon a fahimce shi.

Bayan addu'ar bakwai na koma biro. Kujerarsa na nan da matashin da ya lotsa, fulas ɗinsa na kan kabad. Na kasa zama a wurin, na jawo tawa kujerar. Na buɗe Damina da niyyar in goge shi kamar yadda na yi wa injiniya alkawari, sai na tsaya karanta bayanan da ya bari a gefen kowane umarni. Rabi Faransanci, rabi Hausa, duk da kurakuran yatsu biyu. A gefen wani ya rubuta cewa na majo ɗin Tibiri ne, injinsa tsoho ne, kada a tare shi sai an canza masa. A gefen wani ya ce ya gwada tarewa, takardun awon ciki suka daina tafiya, ya mayar. A gefen babban umarnin kuwa, wanda muka yi faɗa a kansa, ya rubuta: "Ƙofar ga ta yi faɗi, ɗiyata ta yi gaskiya. A rage ta, kada a rufe." Ranar da ke jikin rubutun cikin makon nan ne da ba ma magana.

Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba a gidan mutuwa. Haushinsa ma na ji. Shekara biyu yana ɗauke da wannan, ya gwammace ya faɗa wa inji da ya faɗa mini.

Amma kuka ba hujja ba ne, ni na faɗa da bakina. Sai na jira hadarin farko. Ya zo wata ranar Litinin da la'asar, da iska da ƙura sannan ruwa. Ƙofa tana kan Rani. Na roƙi majo ɗin wani ƙauye da ruwan ya rufe ya aiko mini da hoton takardar gwaji, wadda ba ta kowa ba. Na zauna ina kallon allo. Takardar ta iso ƙofa, ƙofa ta riƙe ta. Na yi sallar la'asar na dawo, tana nan. Na share biro, na wanke kofuna, tana nan. Ta kusa awa guda kafin ta wuce, ta biyu da ya aiko kuwa ba ta wuce ba sam, ta faɗi a hanya. Na yi ta tunanin uwa tsaye a kan yaron da idonsa ya yi fari, ana ce mata a jira.

Kwana huɗu na yi ina rage faɗin ƙofar, aikin da ya ce a yi bai samu yi ba. A da kowace irin takarda daga gidajen likita wucewa take yi zuwa kowane inji. Na mayar da shi hotuna da takardun tura mara lafiya kaɗai, zuwa inji ɗaya tak da ke karɓarsu, na kuma raba wannan injin da na ɗakin magani yadda ko wani abu ya shigo ba zai sami hanyar yaɗuwa ba. Sauran duka suka zauna a kan tsananin Rani. Sannan na kira injiniya, na tura masa abin da na gani ranar hadari.

Ya karanta. "Madam, ba haka muka yi da ke ba."

"Ba haka muka yi ba. Na yi kuskure ne ranar, ina cikin zafin mutuwa. Ku can kuna cikin sanyin biro, rezonku ba ya jin ruwa. Ka zo ka zauna nan ranar hadari ɗaya, in ka ce a rufe, ni da hannuna zan rufe."

Na ji bakina ya yi kama da na Kawu, har na so in yi dariya. Injiniya ya ja numfashi. Ya ce ya ba ni damina ɗaya, da sharaɗin in karanta littafin ƙofa kowace safiya in aika masa abin da na gani, kuma in wani abu ya shigo, sunana ne a kan rahoto. Na ce na yarda. Tsoro kuwa na ji shi, don na san abin da ya taɓa faruwa zai iya sake faruwa.

Da aka ce ruwan shuka ya sauka, na ɗauki salula na fara kira. Na yi niyyar in gajarta, amma majo na farko da ya ji muryata sai ya fara ta'aziyya, daga nan muka shiga ciwon ƙafar mahaifiyarsa, wadda ashe ta samu sauƙi. Kira shida suka cinye mini safiya. Na bakwai, gidan likitan bayan Sukukutane, wata baƙuwar murya ce ta ɗauka. Ta ce ita riƙon ƙwarya take yi, ungozomar ta tafi haihuwa gidan iyayenta a tsallaken iyaka tun kafin zafi, sai cikin damina za ta dawo. Na faɗa mata abin da zan faɗa, na ajiye. Washegari da hantsi na ɗora sabon Damina a kan ƙofa.

Makonni suka wuce. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Masassara ta shigo kamar yadda ta saba, takardu suka yi ta zuwa. Sau biyu ƙofa ta yi kuka a ɓangaren baƙi, ta tare abin da ya kamata ta tare. Na koyi shan kunu a gaban allo. Wata safiya na kama kaina ina ce wa wani layi, "Kai kuma daga ina?" Na waiga ko wani ya ji ni.

Cikin watan takwas, wata ranar Alhamis, ruwa ya kama tun da sassafe bai ɗauke ba. Wajen ƙarfe tara na ga takarda ta taso daga gidan likita na bakwai. Hoton takardar tura mara lafiya ce: yarinya 'yar shekara uku daga ruga, masassara, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ga rukunin jininta a rubuce. Rezon wajen yana numfashi da ƙyar. Na dafe tebur ina kallo. Takardar ta taɓa ƙofa ta wuce, ko tsayawa ba ta yi ba, layin bincike ya biyo ta a baya yana jan ƙafa. Kafin binciken ya dawo da amsar cewa lafiya take, babban asibiti ya riga ya amsa cewa akwai jinin, ambilans kuma ta fita za ta tare yarinyar da iyayenta a bakin kwalta, su kuma su taho da amalanke.

Bayan azahar ruwa ya tsagaita, salulata ta yi ƙara. Muryar ungozomar ce, da iska a bayanta, don sai ta hau tudu take samun kira. Ta ce shekaranjiya ta dawo, da jaririnta a baya. Ta ce direba ya kira ta, an sa wa yarinyar jini, ta buɗe ido har ta nemi nono. Tana magana tana haki don murna.

"Ina danna ta sai ta tahi, wallahi ko ƙibta ido ban yi ba! Ina Baba? Ba ni shi in yi mai godiya. Ki ce mai bana ma bai manta da mu ba."

Ashe ba wanda ya gaya mata. Wadda ta riƙe mata wurin ba ta san Kawu ba, ta miƙa makullai ta hau moto ta tafi. Sai na faɗa mata rasuwarsa, da ranar, da yadda ya kwanta a zaure.

Ta yi salati. Ina jin kukan jaririnta da iska.

"To wa ya buɗe muna ƙofa?"

"Ni ce."

Na ji ta ja hanci, ta gyara goyo.

"Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta. Allah shi ba ki ƙarfin riƙo." Sai muryarta ta koma ta aiki. "Kada ki tashi daga wurin, ɗiyar Baba. Akwai wata mai naƙuda da ban gane ma kwanciyar ɗanta ba. Yanzu za ni sauka in aiko miki."

Na ce amin, na ce ina nan. Na share fuskata da bakin mayafi, na jawo kujera kusa da allo, na zauna jiran takardarta.